Kwamfutar da Yaya Lawal Ya Kawo Mani

Kun taso kun iske ba a zuwa gidan Kawunku Lawal a Sabuwa, su ma ba su zuwa namu, kuma kowa ya ba ku labarin yadda ya ga dama. Wasu sun ce maku ni na miƙa ɗan'uwana ga 'yan sanda saboda abin duniya. Ƙawayena kuma sun mai da ni wata jaruma wadda ba ta tsoron kowa in dai kan gaskiya ne. Duka biyun ba haka aka yi ba. Tunda Allah Ya ba ni tsawon rai har jikoki sun fara tambayar dangi, gara ku ji daga bakina, ni Rakiya, wadda abin ya faru a kanta.

Shekarun nan ne da man fetur ya sake yin tsada a duniya, kuɗi suka cika hannun gwamnati har suka ɗiɗɗigo mana ƙauye. Ko ina ka duba a Faskari sabon kwano ne ke walƙiya, kowane saurayi da babur, kowace mace da wayar hannu ƙulle a bakin zane. Ni kuwa na ajiye aikin buga tafireta bayan shekaru masu yawa ina yi, babanku ya rasu, ga ku a gabana. Biki ya zama abin gasa a lokacin, kowa yana son a ɗauki na ɗiyarsa a bidiyo, amma magidanta ba su yarda wani ƙato ya shiga cikin gida da kyamara ya iske mata sun ajiye mayafi suna rawa ba. A nan na samu hanyar abinci. Na sayi 'yar kyamara, na koyi riƙe ta ba tare da hannuna yana rawa ba, kuma ba a yi wata shida ba sai da aka san ni daga Yankara har 'Yargoje. Matsalar ɗaya ce. In na ɗauko, sai na kai Funtua a haɗa mani a faifai, kuma masu haɗawar maza ne. Wata uwar amarya ta tare ni a ƙofar gidanta ta ce:

"To Hajiya, mi aka yi ke nan? Mun hana su shigowa, ke kuma kin kwashe mu kin kai masu."

Gaskiya ta faɗa. Daga ranar na ƙudurta sai na mallaki kwamfuta tawa, in riƙa haɗa aikina a ɗakina.

Wanda na nufa da maganar shi ne Yaya Lawal. Ku da ba ku san shi da ƙarfinsa ba, ku sani ba wa kawai ba ne a wurina. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya tsaya gaban baffanninmu ya ce sai na koyi tafireta, a lokacin da ake ganin hakan lalacewa ce ga ɗiya mace, shi ya goya ni a keke ya kai ni tasha da akwatina a ka. Aikinsa kula da sito a wata makarantar kwana ta 'yan mata a yankin Sabuwa, makullan komai a aljihunsa, daga buhunan shinkafa har alli. A makarantar nan Bilkisu, ɗiyata ta biyu, take karatu, kuma gidansa take sauka in an yi gajeren hutu. Na kai bijimai biyu da nake kiwo kasuwar Yankara, abin da aka ba ni na damƙa mashi ko dubawa ban yi ba. Bayan mako biyu ya iso da kwali a bayan mota. Da aka fito da ita, baƙa ce wuluk, siririya, sai sheƙi take.

"A Kano na sa aka haɗa maki ita," in ji shi. "Musamman don aikin fim. Ko masu fim na birni da irinta suke aiki."

Na yi ta sa mashi albarka har ya ji kunya ya tashi.

Shekara guda ta yi mani aiki ba laifi, duk da ba ta da sauri. Sai na canza kyamara, na sayi irin sababbin nan da ke fito da hoto tangaran har ka ga zaren leshi. Bikin farko da na ɗauka da ita na wani babban gida ne a Kankara. Na dawo na ɗura aikin a kwamfuta, sai hoto ya riƙa tsayawa cak, amarya ta sandare da baki buɗe, guɗa kuwa tana ta tafiya abinta. In na taɓa wani abu sai na je na ɗora tukunya na dawo kafin ta motsa. Kwana uku ina fama, uwar amarya tana aiko mani. Wani mai hoto ya ce mani abin da ta rasa shi ne katin hoto, wanda masu gyara ke kira girafik, wani allo ne da ake soka mata a ciki don ta iya ɗaukar hoto mai nauyi. Ya ce in je wurin Malam Bulus a Kankara, kada in yarda da kowa sai shi.

Malam Bulus dattijo ne mai furfura, Bahaushe Kirista daga wani ƙauye bayan gari, wanda ya fara da gyaran rediyo, ya koma talabijin, zamani ya kai shi ga kwamfuta. Shagonsa ɗan ƙarami ne, cike da gawarwakin na'urori har rufi. Ranar wata Alhamis da hantsi na shiga da tawa naɗe cikin zanen gado. Na ce mashi katin hoto nake so, mafi girma da yake da shi.

"Hajiya, kada ki sayi komai tukuna," ya ce. "Ba kowace kwamfuta ke ɗaukarsa ba. Bari in buɗe in ga ko tana da gurbinsa, in ga ko wutarta za ta ja shi, in ga ma ko zai shiga akwatin. In na sayar maki ban duba ba, na cuce ki."

Ya warware zanen. Ya daɗe yana kallonta bai taɓa ba, ya juya ta baya, ya shafa gefenta da yatsa.

"Wa ya ce maki don aikin fim aka haɗa wannan?"

"Yayana. Shi ya sa aka haɗa ta a Kano."

Ya ɗauki sukuddireba ya kwance murfin gefe, ya jingina shi da ƙafar tebur. Ranar na fara ganin cikinta. Ya kira ni kusa, ya nuna mani wani dogon gurbi a jikin babban allon ciki, ya ce nan kati ke shiga, wannan kam akwai. Ya ɗauko katin daga kanta, abu mai tsawon tafin hannu da rabi da 'yar fanka a jikinsa, ya kara shi a wurin ba tare da ya soka ba. Kan katin ya fito waje kusan yatsa uku, murfi ba zai taɓa rufuwa ba. Sannan ya sa tabarau ya karanta wata takarda manne a jikin akwatin wuta, ya girgiza kai. Ya ce ƙarfinta bai kai ba, in aka ɗora mata babban kati ko dai ta riƙa mutuwa tsakiyar aiki, ko wata rana in ji ƙauri. Na ce to a canza akwatin wutar mana. Ya ce irin nata doguwa ce siririya, ta kasuwa ba ta zama a wurin.

"Akwai ƙaramin kati da za ta ɗauka, amma ba zai fid da ke ba," ya ce. "Hajiya, ba wanda ya haɗa wannan a Kano. Daga kamfani ta zo a haka. Ta ofis ce, ko ta makaranta, irin waɗanda ake sayowa da yawa don rubutu da lissafi."

Wallahi abin da ya fara zuwa raina tausayin Yaya ne. Na ce a zuciyata 'yan birni sun ga baƙauye sun cuce shi, kuma ba zan faɗa mashi ba don kada ransa ya ɓaci. Na sunkuya ina tunanin yadda zan yi da uwar amarya, sai idona ya sauka kan murfin nan da ke jingine. Hasken ƙofa ya bugi cikinsa, na ga wasu tudu-tudu a jere a jikin ƙarfen. Malam Bulus ya ga inda nake kallo, ya sa ƙafa a hankali zai juya shi wajen bango. Na riga shi ɗauka.

"Hajiya, ajiye shi," ya ce.

Haruffa ne aka buga da ƙarfe daga waje, suka fito ta ciki a juye. Wani zai gan su bai gane ba. Ni kuwa shekara da shekaru ina goge haruffan tafireta da allura, kuma su ma a juye suke, don haka karanta su bai fi mani shan ruwa wuya ba. Sunan makarantar Bilkisu ne, cikakke, da lamba goma sha ɗaya a ƙarshe. Na karanta sau uku. Na juya murfin, waje sumul, baƙi. Na karɓi sukuddireba daga hannunsa na kankare. Baƙin fenti ya tashi, toka-toka ya bayyana a ƙasa, ga wani abu kamar ƙaro da aka cike ramukan haruffan da shi. Ban san lokacin da na zauna kan wata tsohuwar talabijin ba. Kunnuwana suka toshe, ina ganin bakin Malam Bulus yana motsi ba na jin komai. Ya ɗebo ruwa a randa ya ba ni, na riƙe kofin na kasa kai shi baki.

Da na ɗan dawo hayyacina ya ce, "Ni ba mai kai ƙara ba ne, kuma ban san yadda aka yi ta zo hannunki ba. Amma ba zan sa mata komai ba. Kuma ki sani, ranar da aka fito nema, wanda aka iske ta a ɗakinsa shi ake fara kamawa."

Yadda na iso Faskari ban sani ba. Ana dogon hutu, Bilkisu tana gida, na iske ta tana wanki a tsakar gida. Na kira ta ɗaki, na nuna mata cikin murfin, ina shirin in karanta mata. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta sunkuyar da kai, kumfa na ɗiga daga hannunta.

"Umma, na sani."

"Kin san mi?"

"Tun ranar da Kawu ya kawo ta na sani."

Wannan ya fi na shagon Malam Bulus buguna. Ta ce ranar da aka kawo kwamfutocin makaranta, da manyan baƙi da tafi, su 'yan aji aka sa suka kwashi kwalayen zuwa sito, aka ce sai an gina masu ɗaki an jawo wuta. Nata kwalin ya suɓuce mata a bakin ƙofa, kusurwa ɗaya ta yage, har wata malama ta mare ta. Shekara biyu ba su sake ganin su ba. Darasin kwamfuta a allo ake zana masu shi, madannai kuwa kowace ta zana nata a kwali tana danna wa da yatsu. Wani gajeren hutu tana gidan Kawu aka aike ta makaranta da abincinsa ranar Juma'a, lokacin kowa ya tafi masallaci, ta iske shi yana sa kwalaye a mota. Ya ce gyara za a kai su. Da ta zo gida ta ga kwali a bayan ƙofata da yagaggiyar kusurwa, ta gane aikin hannunta.

"Don mi ba ki faɗa mani ba?"

"Kin sayar da shanunki, Umma. Kuma ke kika ce mana Kawu uba ne."

Shekara guda yarinyar nan tana zama gaban kwamfutar in ta zo hutu, ina tsaye bayanta ina nuna mata, ina yi wa maƙwabta alfahari cewa ta fi 'yan ajinsu iyawa. Shekara guda tana komawa makaranta ta zauna cikin ƙawayenta suna danna kwali, ta san inda tasu take. Shekarunta goma sha biyar. Na rungume ta da jiƙaƙƙun hannuwanta, na rasa ko haƙuri zan ba ta ko faɗa zan yi mata.

Washegari Juma'a na yi sammakon Sabuwa. Na iske Yaya a zaure yana yanke farce. Bayan mun gaisa na fito da murfin daga jaka na ajiye kan tabarma, cikinsa a sama. Duk hanya ina roƙon Allah Ya sa ya yi mamaki, ya yi rantsuwa, ya ce shi ma sayar mashi aka yi. Ko ƙarya ce da na karɓa. Ya dube shi, ya ci gaba da yanke farcensa.

"To sai mi?" ya ce. "Shekara biyu suna sito, Rakiya. Ba ɗaki, ba wuta, ba malami. Ɓeraye sun fara cin wayoyin. Waɗanda suka kawo su sun ci nasu tun daga sama, sun yi hoto sun tafi, ba wanda ya sake waiwayowa. Ke aƙalla kin ci abinci da ita, kin rufa ma marayu asiri."

"Da shanuna, Yaya?"

Nan ya ajiye rezar.

"'Ya'ya biyu na aurar a shekarar," ya ce.

"Nawa suka rage a siton?"

Ya sake ɗaukar rezar. Na sake tambaya, ya kau da kai. Mutumin da ban taɓa ɗaga ma murya ba, ranar na ce mashi na ba shi kwana bakwai, daga yau zuwa Juma'a mai zuwa, ya san yadda zai yi ya mayar da kayan mutane da hannunsa. In bai yi ba, ni zan kai tawa. Ya ce, "Na ji." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Inna, mahaifiyarmu, a gidansa take zaune, kuma ashe tana bayan ƙyaure ta ji komai. Na shiga gaishe ta, ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba.

"Rakiya, wanga da kike gani shi ya tsaya maki ranar da ba ki da kowa. Ki tahi da abinki gida ki ja bakinki ki yi shiru. In kika tona mashi asiri, ni kika tona ma."

Na ce, "Inna, kayan 'ya'yan mutane ne."

Ta ce, "Shi kuma ɗan wa ne?"

Na dawo gida na lulluɓe kwamfutar da zane kamar gawa. Na mayar wa uwar amarya kaset ɗinta na ce ta yi haƙuri ta nemi wani. Abinci ya daina shiga. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in ce ga su nan sun zo, za a fito da ni gaban 'ya'yana da maƙwabta. Ran na huɗu na kira wayar Yaya, a kashe. Na kira da azahar, a kashe. Na samu matarsa, ta ce kwana uku ke nan da ya tafi, bai ce ga inda za shi ba, ta dai ji yana cinikin shatar mota. Na ajiye wayar na ce shi ke nan. Ya tafi ya ɓoye sauran, ko ya sayar, ya bar ni da tawa a ɗaki in zama ni ce ɓarauniyar. Tsoro da fushi suka haɗu mani wuri ɗaya, ban nemi shawarar kowa ba. Ran na biyar, Laraba, na ɗauki shatar mota na nufi makarantar.

Shugabar makarantar a cikin harabar take zaune, don haka na same ta duk da ana hutu. Dattijuwa ce mai tabarau, mai magana a hankali. Na ajiye kwamfutar kan teburinta, na nuna mata haruffan, na faɗa mata yadda aka yi ban rage komai ba. Ta yi murmushi irin na mai rarrashi.

"Ba zai yiwu ba, Hajiya. Watan jiya na shiga siton da kaina, na gan su a jere har rufi, ko ɗaya ba a taɓa ba."

Makullan suna wurin Yaya, sai ta sa aka kira kafinta ya ɓalle kwaɗon. Gaskiyarta, ga kwalaye nan a jere tsaf, kowanne a liƙe. Har na fara jin sanyi a raina, na ce ƙila tawa kaɗai ya ɗauka ya cike gurbin. Ta sa aka sauko da na sama, mai nauyi, ta yanka bakinsa da wuƙar kafinta. Tubalin laka ne guda biyu, naɗe cikin tsohon buhun siminti. Ta dube ni, na dube ta. Ta yanka na biyu, tubali. Na uku, tubali. Daga nan ta daina jiran a sauko mata da su, ta riƙa fizgowa da kanta tana yagewa, ƙasa na zuba kan ƙafafunta, har ta kai na ƙarshe. Ko ɗaya babu. Ashe kayan yake sayarwa, ya dawo da kwalayen. Ta zauna daɓas a ƙasan siton, ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba, tana ta maimaita salati. Kafinta ya ajiye gudumarsa ya fita a hankali.

"Ni na sa hannu na karɓi kayan nan," ta ce. "Hajiya, ba ni da yadda zan yi. Dole in kai magana gaba."

Ban kai shi ga 'yan sanda da bakina ba, amma ban yaudari kaina ba, na san inda hanyar da na ɗauka za ta ɓulle. Ni ma na yini a wurinsu ina amsa tambaya, kuma da Malam Bulus bai rufe shagonsa ya taho tun daga Kankara ya shaida cewa a gabansa na gano ba, da ban kwana gida ba. Washegari labari ya zo cewa an tare Yaya a hanyar shiga Sabuwa da kwamfuta huɗu a bayan mota. Na ce a raina, ashe ban yi kuskure ba, wani wurin zai kai su.

An kore shi daga aiki saura shekara biyu ya yi ritaya, ba fansho ba komai. Ya yi wasu watanni a gidan yari, ya fito ya tsufa lokaci ɗaya. Gonar da ya gada ta tafi, na ɗauka shari'a ce ta cinye ta. Biyar ɗin da aka samu, har da tawa, aka sa su a wani aji da ɗan janareta, 'yan mata suka riƙa shiga goma-goma, amma Bilkisu ba ta taɓa su ba, don sai da na canza mata makaranta saboda surutu. Gidaje da yawa suka daina kira na biki, ana cewa wadda ta yi wa ɗan'uwanta haka ba a shigar da ita ɗaki da kyamara. Sai bayan shekara biyu na iya sayen wata, Malam Bulus ya haɗa mani da hannunsa. Duk wannan mai sauƙi ne. Inna ce. In na je gaishe ta sai ta juya fuska bango. Na durƙusa, na yi kuka, na aika dattijai, ba ta tanka ba. A ciwonta na ƙarshe ta yarda na ba ta ruwa a cokali, ta sha, amma har ta cika ba ta kira sunana ba.

Fiye da shekara goma muka yi da Yaya ba mu haɗa ido ba, ko a jana'iza kowa da gefensa. Sai wata rana matarsa ta aiko cewa ɓarin jikinsa ya shanye, kuma yana nema na. Lokacin hanyar ta riga ta lalace saboda 'yan bindiga, mutane ba su bin ta sai dole, ku da kanku kuka hana ni, na tafi. Na iske shi kwance kan katifa a ƙasa, bakinsa ya karkace, magana na fita da ƙyar. Na gaishe shi, bai amsa gaisuwar ba.

"Kwana bakwai kika ce."

"Na'am, Yaya?"

"Kwana bakwai kika ba ni, Rakiya. Ran na biyar kika je."

Ya huta, ya ci gaba, kalma ɗaya-ɗaya. Ya ce ranar da na bar zaurensa bai iya cin abinci ba. Washegari ya sayar da gonar a yadda aka taya, ya haɗa da wayarsa, ya tafi Zariya inda ya kai yawancinsu. Ya bi waɗanda ya sayar mawa shago-shago yana roƙo, wasu sun riga sun sayar, wasu suka kore shi. Huɗu ya samo. Niyyarsa ya kai su ga shugabar makaranta ya faɗi abin da ya yi da bakinsa kafin Juma'a. Hanyar makarantar yake da su aka tare shi.

Na juya na dubi matarsa da ke tsaye bakin ƙofa. Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Don mi ba ka faɗa ba?" na ce.

"Na faɗa ma 'yan sanda, suka yi dariya. Na faɗa ma alƙali. Ke kuwa ba ki zo kotu ba, ba ki tambaya ba."

Shekara goma ina ba da labarin nan, har ku na ba, ina cewa an kama shi da huɗu zai gudu da su. Ban taɓa tambayar kaina ba mi ya sa mai gudu da kaya zai fuskanci Sabuwa maimakon ya ba ta baya. Har yau ban ce mayar da kwamfutar kuskure ne ba, ba tawa ba ce, kuma da za a sake, da na sake mayarwa. Ban kuma san ko da na jira da ya tsira da aikinsa ba, ƙila da bai tsira ba. Amma da ya shiga ofishin nan da ƙafarsa, ba a ɗaure ba, kuma ni na yi mashi alkawarin wannan da bakina na hana shi. Ku rubuta wannan a kaina, kada ku ɗora ma kowa.

"Ba don in ɗora maki laifi na kira ki ba," ya ce. "Ni na yi sata, ban manta ba. So nake wani nawa ya sani kafin in tafi. Ki yafe mani shanunki."

"Na yafe, Yaya. Ka yafe mani kwana biyun nan."

Ya lumshe ido ya daɗe, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce, "Ɗaga ni in zauna, bayana ya gaji."

Na sa hannu biyu ƙarƙashin kafaɗunsa na ɗaga shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na jingina shi da bango, ya zame, sai na zauna kusa da shi na tare shi da kafaɗata. Muna nan a haka har aka kira la'asar. Bayan kwana tara ya rasu.